Firigo mai cizo

A kasuwannin Mayahi da Tasawa, da ƙananan shagunan bakin hanya cikin ƙasar Sarkin Hausa, akwai wani abu da ido ya saba gani har ya daina lura da shi: firigo wanda aka naɗe hannunsa da tsumma, ko da guntun robar tayar keke. In baƙo ya tambayi dalili, mai shago sai ya yi murmushi ya ce firigon yana ɗan cizo, amma ba shi da mugunta. Yaron da aka aiko sayen ƙanƙara ya kai hannu gefen da babu tsumma, ya zabura, ya yarfe yatsunsa. Mazauna benci su bushe da dariya, wani ya ce kuran ne ya gaishe shi. Yaro ya karɓi ƙanƙararsa ya tafi, ciniki ya ci gaba, har azumi ya wuce, har damina ta faɗi.

Wannan ɗan cizon shi ne abin magana a wannan mako. A cikin dukan haɗurran da wutar lantarki ke jawowa, babu wanda yake aiko da sanarwa tun da wuri kamarsa, kuma babu wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa. Ruwa ba ya tsami banza. Ba a ƙera jikin firigo don ya ɗauki wuta ba. Duk ranar da ya ɗauka, to akwai abin da ya lalace a ciki, abin da ya lalace kuwa ba ya gyara kansa, sai dai ya ƙara lalacewa. Tsumman da aka ɗaura bai taɓa ciwon ba, bakin mai gargaɗi kawai ya toshe.

Ba laifin jama'a ba ne kacokan. An kafa kamfanin NIGELEC a 1968, amma shekaru da dama wuta abar manyan birane ce da gidajen bariki. Sai a 1994 ne babban layi mai bolt dubu 132 ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, daga can aka raba shi zuwa Maraɗi da Damagaram, sannan a hankali ƙananan layuka suka bi hanyoyi suna shiga garuruwan da ke tsakani. Har yau akwai ƙauyuka da yawa a gundumar Mayahi waɗanda turakun wuta ba su kai gare su ba. Can wuta ta shiga ta wasu ƙofofi, wato gurup ɗin mai walda ko na mai gidan kallon ƙwallo, da fanon hasken rana da ke bisa rufin mai cajin salula. Ke nan yawancin masu taɓa waya a yau ba su ga kakanninsu sun taɓa ta ba. Ilimin maciji gado ne, haka na bakin rijiya, haka na gobarar dangar kara: kowace uwa ta san abin da za ta faɗa wa ɗanta a kansu, kuma ta ji shi daga bakin tata uwar. Wutar lantarki ce kaɗai ta shigo gida ba ta tarar da karin maganarta ba. Ba ta da hayaƙi, ba ta da wari, ba ta huci, wayar da ke ɗauke da ajali da wadda babu komi a cikinta kamarsu ɗaya.

Akwai kuma abin da ya koya wa mutane raina ta. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe ƙarau, ma'aikaci kan sauko daga mota ya taɓa ƙofa ya ji tsit a yatsa, ko ya tuɓe rigar leda cikin duhu ya ga tartsatsi. Masana sun auna wannan tartsatsin, yana kai bolt dubbai, amma ba ya kashe kowa. Daga nan sai mai lissafin bakin titi ya ce, in dubbai ba su yi komi ba, ina 220 ɗin bango za ta yi? Kuskuren yana nan: bolt ba shi ne ma'aunin ɓarna ba. In an kwatanta da ruwa, bolt kamar tsayin shato ne, wato ƙarfin turi. Abin da ke kwarara cikin famfo kuwa, wanda shi ne yake jiƙa mutum ko ya nutsar da shi, ana auna shi da amfer. Tartsatsin hunturu cokali ɗaya ne na ruwa da aka sako daga ƙololuwar sama, kafin ƙiftawar ido ya ƙare. Wutar bango kuwa shato ne wanda ba ya ƙafewa, muddin hannu yana kai za ta ci gaba da kwarara.

Yawan abin da jiki ke iya ɗauka ba a tatsuniya aka same shi ba. Wani malamin jami'ar Kalifoniya a Amurka, Charles Dalziel, ya yi shekaru tun daga 1940 da ƴan kai yana gwaji da mutanen da suka ba da kansu, kowa ya riƙe wayar tagulla ana ƙara masa wuta kaɗan-kaɗan. Ma'aunin da ake amfani da shi a nan shi ne mili-amfer, kashi ɗaya cikin dubu na amfer. Wajen mili-amfer 1 mutum ke fara jin motsi a fata. Daga 10 zuwa 16 hannu yake ƙin sakin waya, mata da yara tun a ƙasan wannan, maza a samansa. Wajen 30, in aka daɗe, naman ƙirji yana ƙagewa numfashi ya gagara. Daga 50 zuwa sama zuciya ce take cikin haɗari. To, tsohon ƙwan fitila mai wat 60, irin wanda ake ratayawa a zaure, yana jan mili-amfer kusan 270. Wato abin da ke haska zaure ɗaya ya ninka abin da zai tsayar da zuciyar ƙato sau biyar.

Maganar nan ta ƙin saki tana bukatar bayani, domin ita ce mutane ke cewa wuta ta riƙe shi. Wutar gida tana juya alƙibla sau 100 a kowane sakan, kuma kowane juyi umurni ne ga naman jiki cewa ya tsuke. Naman da ke dunƙule hannu ya fi mai buɗe shi ƙarfi, saboda haka in tafin hannu ne ya kama, yatsu sai su ƙara damƙewa, mai hannun yana gani, yana so ya saki, ba hali. Wanda aka ce wuta ta yi jifa da shi kuwa, naman bayansa da na cinyoyinsa ne suka fizga gaba ɗaya suka wurgar da shi. Sau da yawa wannan ne ke cetonsa, sai fa in a bisa tsani yake ko bisa rufi, inda faɗuwar kan yi abin da wutar ba ta yi ba.

Sai tambayar da mai shago ke kare kansa da ita: in haka ne, me ya sa shekara guda firigon nan yana cizo bai kashe kowa ba? Amsar tana cikin fata, da takalmi, da daɓe. Wuta ba ta shiga jiki sai in tana da mafita, mafitar kuwa galibi ƙasa ce. A ranar hunturu, mutum ya zo da busasshen hannu mai kanta, ya taɓa da kan yatsa, yana sanye da takalmin roba, yana tsaye bisa busasshen siminti. Duk waɗannan shingaye ne, in an haɗa su suna iya kai om dubu gommai, om kuwa shi ne ma'aunin tarewa. Abin da zai ratsa bai wuce mili-amfer biyu ko uku ba, ya ji cizo ya yi dariya. Amma a watan Afirilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a jihar Maraɗi, hannu sharkaf yake da zufa, zufa kuwa ruwan gishiri ce, babu abin da wuta ke so kamarta. Ƙanƙara ta narke ta kwanta a gindin firigo. Yarinyar da aka aiko ba ta da takalmi, ta tsaya cikin ruwan, ta kama murfin da hannu biyu domin ya yi mata nauyi. A wannan hali shingayen duka sun faɗi, tarewar jiki ta sauko wajen om 1000, kuma in wayar ciki ta gama taɓa ƙarfe, lissafin da ɗan lakkwal ma zai iya yi shi ne 220 a raba da 1000: mili-amfer sama da 200. Firigo ɗaya ne, lahani ɗaya ne, ranar ce kawai ta bambanta. Sabo da kaza ba ya hana a yanka ta.

Akwai masu cewa ai ɗan taɓawa ne, ba a daɗe ba. Gaskiya ne gajeren lokaci yana rage haɗari, amma ba kamar yadda ake zato ba. Zuciya ita ma da ƴar wutarta take aiki, kuma a cikin kowane bugu akwai wani ɗan taƙi, bayan ta matse tana shirin sake cika, wanda in baƙuwar wuta ta same ta a cikinsa tsarin bugun yake wargajewa. Ba tsayawa cik take yi ba. Karkarwa take kamawa, kowane ɓangare yana motsi shi kaɗai, jini ba ya fita. Ma'aunin da injiniyoyin duniya ke aiki da shi ya nuna cewa in wutar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, sai ta kai mili-amfer 400 ko 500 kafin ta fara yin wannan ɓarna. In ta kai rabin sakan, 100 sun isa. In ta cika sakan ɗaya, 50 sun isa, domin a lokacin ta riga ta ratsa bugu guda cur, ba yadda za ta kuskure wannan taƙin. Tsakanin cizon da aka yi wa dariya da wanda aka yi wa zaman makoki, ke nan, rabin sakan ne. Wane ne yake riƙe da agogo sa'ad da hannunsa ke kan ƙarfe? Hanyar da wutar ta bi ita ma tana da magana: in ta shiga yatsa ta fita ta yatsan da ke kusa, ƙuna ce, in ta shiga hannu ta fita ta ɗaya hannun ko ta ƙafa, to ta ƙirji ta bi.

Tsofaffin ma'aikatan da suka yi zamanin garmaho za su tuna da mawaƙin Faransa Claude François. Ranar 11 ga Maris 1978, a gidansa na birnin Faris, yana cikin wanka ya kai jiƙaƙƙen hannu zai daidaita fitilar bango da ta karkace. Yana da shekara 39, yana da kuɗi, yana cikin ƙasar da ake buga dokokin wuta. Bolt ɗin da suka kashe shi su ne dai waɗanda ke cikin bangon kowane shago a Tasawa.

To me ke faruwa cikin firigon? Yawancin na kasuwa tsofaffin kayan Turai ne da aka sauke a tashar Kwatano bayan sun gama aikinsu a can, sannan suka zo nan suka fara sabon aiki cikin zafi da ƙura. Robar da ke lulluɓe da waya tana bushewa ta tsattsage, ɓera ya ƙarasa ta, laima ta shiga inji, sai wuta ta fara zurarewa zuwa jikin ƙarfe. Masu ƙera kayan sun san haka na faruwa, shi ya sa suka sa waya ta uku, mai launin kore da rawaya, wadda aikinta ɗaya ne: ta haɗa jikin ƙarfen da ƙasa, domin wutar da ta ɓace hanya ta bi ta can maimakon ta bi ta jikin mutum. A nan ne wata matsala ta ƙasar iyaka take shigowa. Kayan da aka sayo daga Kano ko Katsina ko Jibiya suna zuwa da kan waya mai ƙafa uku masu kusurwa, irin na Ingila, ramukan bangon ƙasar nan kuwa zagayayyu ne, irin na Faransa. Sai a kawo ƴar mahaɗa mai araha wadda ba ta san da zaman ƙafa ta uku ba, ko a datse kan gaba ɗaya, a fere wayoyi biyu a cusa su cikin rami, a tokare da tsinken ashana. Ta ukun kuwa a naɗe ta a gefe, wai ba ta da aiki tunda ko babu ita kaya yana tashi. Haka ne, yana tashi. Mota ma tana tashi babu birki.

A nan wani ma'aikacin biro zai ce ai kwamfutarsa sabuwa ce fil, amma ita ma jikinta yana ɗan motsi in an shafa. Yana da gaskiya. Wasu na'urori na zamani, ko da lafiyarsu ƙalau, suna zubar da ƴar wuta kaɗan da gangan zuwa wayar ƙasa, in kuwa babu wayar sai a ji ta a hannu. Sai dai wannan ma shaida ce cewa ginin ba shi da wayar ƙasa, kuma yatsa ba ya iya bambance zubar da ba ta da lahani da wadda take farkon ajali. Na'urar awo ce ke bambance su, a hannun wanda ya koyi aikin.

Ita wayar ƙasar ma, a wannan yanki ba wasa ba ce. Ƙasar Mayahi da Sarkin Hausa jigawa ce, busasshen rairayi kuwa ba ya karɓar wuta da kyau. Guntun rodi mai tsawon kamu biyu da aka soka a gindin bango ado ne kawai. Sai an kafa dogon sanda na tagulla har ya kai inda ƙasa ke da laima, wani lokaci biyu ko uku a haɗe, sannan a auna, kuma a auna da rani, domin abin da ya yi kyau a watan Agusta yana iya zama banza a watan Maris. Saboda wannan rauni na ƙasa, kariya ta biyu ta fi zama wajibi a nan fiye da wurare masu dausayi. Ita ce ƴar na'urar da masu aikin wuta ke kira difaransiyel, mai kama da wadda Dalziel ɗin nan ya ƙirƙiro a 1961. Aikinta irin na mai tsaron ƙofar kasuwa ne da ke ƙidaya masu shiga da masu fita: tana kwatanta wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta komo ta ɗayar, in ta ga giɓi ya kai mili-amfer 30, ta san akwai wadda ta bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke wuta kafin sulusin sakan, in giɓin babba ne ma kafin haka nesa. Mutane da yawa suna zaton babban makunnin da ke kusa da mita yana yi masu wannan aiki. A je a karanta abin da aka rubuta a jikinsa. In 500 aka gani, to ya ninka abin da ake bukata fiye da sau goma sha shida. Gini da wayoyi yake tsaro, mutum zai iya mutuwa shi bai motsa ba. Wanda kuma fis ɗinsa ya tsinke ya ɗaure wurin da zaren tagulla, ya kori mai gadi ne don yana yawan tashinsa daga barci.

Ban da firigo, ɗan cizon nan yana da wasu gidaje. Ƙofar ƙarfe da ke cizo in an yi ruwa, famfon da ke cizo in ana alwala, wayar shanya da ke cizo in an rataya jiƙaƙƙen zane: duk labari ɗaya suke bayarwa. Galibi in an bi sawu za a tarar da wayar da aka jawo daga gidan maƙwabci, ta bi bisa kwano, ta ratsa ƙarƙashin ƙofa, an yi mata ƙari uku ko huɗu an naɗe da ledar burodi. Bakin kwano kaifi gare shi, iska na kaɗa waya yana yankarta a hankali, ranar da ya kai ga tagulla rufin gaba ɗaya ya ɗauki wuta, da duk ƙarfen da ke jingine da shi. Matar gida ce da ƴaƴanta ke wuni cikin wannan tarko, mai gidan da ya yi jan wayar yana kasuwa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar tun farkon watan Agusta, ba ta maido ta ba sai a Maris 2024. A cikin waɗannan watanni duk mai hali ya nemi gurup ko fano, kuma da yawa sun zauna har yau. Gurup ƙarami ne a ido, amma 220 ɗinsa ba ta fi ta kamfani tausayi ba. Mafi muni shi ne wanda aka jona wa gida kai tsaye ba tare da makunnin da ke raba shi da layin waje ba: wutarsa tana komawa baya ta bi layi, in ta isa taransifoma ta ninku ta zama dubbai, ta tarar da ma'aikacin da ya hau turke yana gyara da tabbacin an kashe layin. Mai gurup yana kwance yana shan iskar fanka, bai san hannunsa ya kai inda ya kai ba.

Game da fano, Tasawa tana da abin alfahari, domin a nan aka haifi Abdu Mumuni a 1929, masanin da ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992. Abin da ya yi wa hidima tsawon rayuwarsa ga shi yau bisa rufin shaguna da gidajen likita da rijiyoyin burtsatse. Amma an ɗauki wata fahimta cewa wutar rana mai sanyi ce, ba ta kama mutum. Batir mai bolt 12 lalle ba ya kamawa. Da zarar an sa masa akwatin da ke mayar da wutarsa 220 don firigo ko talabijin, ya zama ɗan'uwan wutar bango uwa ɗaya uba ɗaya. Fanonin da aka jera suka haɗu don tayar da injin shato kuwa suna tara bolt ɗarurruwa, kuma ba su da makashi: muddin rana tana sama suna aiki, ko da an kashe injin. Ba wurin wasan yara ba ne, ba kuma wurin shanya ba.

Babban layi mai bolt dubbai da ke bin gefen hanya shi ba ya aiko da ɗan cizo, ba ya ma jiran a taɓa shi. In an matso kusa ainun yana tsallakowa. Motar da aka yi wa lodi ranar kasuwa har ta fi ƙarfin ido, aka ɗora mutane bisa buhuna, da makiyayin da ke sassabo wa dabbobi reshen gawo kusa da waya, su ne abincinsa. Tsuntsu yana sauka a kai lafiya domin ƙafafunsa biyu a waya ɗaya suke, ba ya taɓa ƙasa. In hadari ya kayar da irin wannan waya, ƙasar da ke kewaye da ita ma ta ɗauka, a tsaya nesa da mita 10 aƙalla, a tsare yara da dabbobi, a aika wa ma'aikatan wuta da jandarma.

In tsautsayi ya auku a gida ko a shago, abu na farko shi ne kada mai ceto ya zama na biyu, domin an sha ganin uwa ta kama ɗanta wutar ta haɗa su. A kashe makunni ko a fizge waya daga bango. In ba hali, a tsaya bisa busasshen abu a ture shi da busasshiyar taɓarya ko muciya ko kujerar roba. Wannan a wutar gida ke nan. A babban layi sanda ba ta kare kowa. In ya faɗi ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, to ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu ko biyar, babu lokacin neman nono a ɗura masa, ko binne shi cikin rairayi wai ƙasa ta tsotse wutar. Jiki ba batir ba ne, ba ya ajiye wuta. Da an raba shi da waya babu sauranta a cikinsa, kuma taɓa shi ba haɗari. A kwantar da shi rigingine bisa ƙasa mai tauri, a ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan a bisansa, a riƙa dannawa da ƙarfi zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, ana karɓar juna, wani kuma ya nemi ma'aikacin lafiya da mota. Inda akwai ƴan kwana-kwana lambarsu 18. Ya kamata a faɗi gaskiya: dannawar tana tura jini ne kawai ta sayi lokaci, zuciyar da ta kama karkarwa ba kasafai take komawa daidai ba sai da na'urar da ke buga mata wuta ta musamman, irin wannan na'ura kuwa ba a ƙauye take ba. Daga ƙauyukan Sarkin Hausa zuwa asibitin gunduma a Mayahi, balle babban asibitin Maraɗi, tafiyar ta fi minti biyar nesa ba kusa ba. Shi ya sa a wannan yanki gyaran waya ya fi motar asibiti ceto.

Wanda ya tashi da ƙafafunsa ma ba a gama da shi ba. In ya ɗan suma ko na ƙiftawar ido ne, in yana jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya ba daidai ba, in akwai tabon ƙuna inda wuta ta shiga ko ta fita, in hannu ya mutu ko fitsari ya yi duhu, a kai shi gidan likita ranar. Tabon waje yana iya zama kamar ƙwayar gero alhali naman ciki ya dahu. Mace mai ciki kuwa a kai ta ko ba ta ji komi ba, haka ƙaramin yaro.

Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu mai musun ƙaddara, amma malamai ba su taɓa cewa tawakkali shi ne a bar ƙofar garke buɗe a kwanta ba. Abin da ya zo ba zato shi ne tsautsayi. Abin da ya yi wata shida yana cizon mutane ana ɗaura masa tsumma yana da wani suna, kuma in ran ɗan wani ya salwanta, mai shago ne zai amsa tambaya a gaban iyaye da gaban hukuma. Haka shugaban ma'aikata ko daraktan lakkwal da ya san akwai ramin wuta a fashe a bangon aji, ko fankar da ke cizo a ɗakin jira, ya rubuta takarda ɗaya zuwa sama ya naɗe hannu yana jiran kasafin baɗi. Kashe wutar ɗaki ɗaya har a samu kuɗin gyara ba ya bukatar sa hannun minista.

Kayan da ya ciji mutum sau ɗaya, a cire shi daga wuta a lokacin, kada a mayar sai mai aikin wuta ya buɗe shi. Mai aikin kuma a tambaye shi abu uku tun kafin a yi ciniki: ko yana da na'urar awo, ko zai kafa sandan ƙasa ya auna shi a gaban mai gida, ko zai sa difaransiyel mai lamba 30. Kuɗin duka bai kama ƙafar kuɗin firigon ba, kuma lokacin yinsa shi ne sa'ad da ƙasa take bushe, kafin ruwan farko na Mayu ko Yuni. A jikin na'urar akwai ɗan maɓalli mai harafin T. Sau ɗaya a wata a danna shi. In wuta ta ɗauke nan take, na'urar tana da rai, a ɗaga makunni a ci gaba da ciniki. In ba ta ɗauke ba, a sauya ta ranar, kafin a sake aiken yaro wajen firigo.